Jane Eyre ɗin manya dana siya, ga abinda na gani

Tauraro biyu cikin biyar zan bashi, shima dan asalin labarin na nan ciki ne ba'a yanke ba. Jane Eyre ne na Charlotte Brontë wanda ya fito tun 1847, wani kamfanin littattafan soyayyar manya a Ingila ya ɗauko ya saka wata marubuciya ta cusa mishi wuraren kwanciya a tsakankanin babi. Tunda Brontë ta rasu a 1855 haƙƙin mallaka ya daɗe da faɗuwa, kowa zai iya taɓawa ba mai kaishi kotu, kuma a 2012 ne wannan yayin ya ɓarke bayan littafin soyayyar manya Fifty Shades of Grey yayi kasuwa kowa na neman nashi rabon.

Saukewa a waya ba wahala, kuɗin ma ba yawa. Marubuciyar tayi ƙoƙarin kwaikwayon tsohon turancin amma wlh kana zuwa inda ta saka hannu zaka gane, kamar facin leshi a jikin atamfa.

Abinda ya ƙona min rai shine Jane kanta. Yarinyar nan fa ranar ɗaurin aurenta aka tona cewa angon nata Rochester nada mata, Bertha, a kulle a saman gidan Thornfield, ya roƙeta ta bishi kudancin Faransa su zauna haka nan ba aure, tana sonshi kamar ranta amma taƙi, da asuba ta sulale ta bar gidan, kuɗin hannunta suka ƙare a kuɗin keken doki, ta kwana a daji, ta roƙi abinci ƙofa ƙofa duk dan kar ta zubar da mutuncinta. To a wannan bugun tun kafin zancen aure an riga an haɗasu a ɗaki, kenan gudun me takeyi? me ya rage da take karewa? Na karanta wajen guduwar ban ji komai ba, wajen da a asalin littafin sai da nayi hawaye.

Irin abinda ke faruwa a guruf ɗinmu na WhatsApp ne, labari na tafiya lafiya sai a cusa batsa a rubuta na matan aure ne kawai dan a samu masu biya.

In kin siya kar ki barshi a wayar da yara ke taɓawa. In labarin kike so, na asalin yana shafin intanet na Project Gutenberg kyauta.