Maƙerin da ya lanƙwasa wuƙarsa da gangan

'Yan'uwa na gida, kun sha tambayata ko akwai maƙera a Amurka, ko kuwa inji ne ke yin komai. Akwai su, kuma ɗaya daga cikinsu, wani dattijo a bayan gari a jihar Arkansas, ya ba ni kunya ya kuma ba ni mamaki a wuni guda.

Wani abokin aikina ne ya kai ni. Babbar wuƙa nake so, irin wadda suke kira Bowie, mai faɗi, ruwanta ya kai inci 10, an zabge bayanta wajen tsini. Sunan Jim Bowie ta ci, mutumin da ya yi suna da wuƙa a wani faɗa a bakin kogin Mississippi a 1827, ya mutu a yaƙin Alamo a Texas a 1836. Mutanen Arkansas na tutiyar cewa maƙerinsu James Black na garin Washington ne ya ƙera masa tasa, shi ya sa ba a raba su da zancen wuƙa.

Na kwatanta abin da nake so, na ce ina buƙata nan kusa, da ya faɗi kuɗi kuma na ce a duba a rage. Bai yi fushi ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya jawo wani littafi ya buɗe mini jerin sunaye, ya ce wanda ya shiga layi yau sai baɗi war haka. Batun ragi kuwa, ya ce akwai kanti a bakin babban titi da ke sayar da wuƙaƙen kamfani masu kyau, har ya kama kwatanta mini hanya, a gaban abokin aikina. Na rasa inda zan sa fuskata.

Ina shirin sallama sai ya ce in tsaya, yau zai gwada wata da ya gama. Ya ɗauko ta, tana sheƙi. Ya rataye igiya mai kaurin inci ɗaya, ba a ɗaure ƙasanta ba, ya kai mata sara ɗaya ta faɗi. Ya ɗauko katakon gini ya datse shi gida biyu, ya sake datsewa. Ya naɗe hannun riga ya aske gashin damtsensa da wannan kaifin, ko dutse bai goga mata ba. Ni dai na ce to, an gama. Sai ya kafa tsininta a matsin ƙarfe, ya zura bututu a mariƙin, ya dinga dannawa har ta yi kwana kamar kusurwar bango. Ba ta karye ba. Ya cire ta a karkace, ya duba bakin da madubin ƙara girma, ya jefa ta cikin wani bokiti inda 'yan'uwanta suke. Wallahi sai da na dafe kai. Wuƙar da na yi ta roƙon ragi a kan irinta, ga ta an kashe ta da gangan.

Ashe ba hauka ba ne, jarrabawa ce. Suna da ƙungiyar maƙeran wuƙa, American Bladesmith Society, wadda Bill Moran da abokansa suka kafa a 1976. Ba ka samun hatiminta sai wuƙarka ta wuce waɗannan gwaje-gwaje huɗu a gaban wanda ya riga ka ƙwarewa. Mai neman matakin ƙoli kuma sai ya yi da ƙarfen da aka ninka aka haɗe a wuta, falle 300 ko fiye. Wanda ya ci, sai ya riƙa buga haruffa biyu kusa da sunansa a jikin kowace wuƙa. Dattijon ya ce shi ya wuce nan tuntuni, amma duk lokacin da ya sayo sabon ƙarfe sai ya sadaukar da ɗaya, domin ba zai sa sunansa a kan abin da bai ga iyakarsa ba.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne ƙarfen. Lambarsa 5160, wato irin wanda aka daɗe ana yin sifirin ɗin mota da shi, wanda maƙeranmu ke tsintowa wajen 'yan gwangwan. Shi sabo yake saye, da takardar da ta faɗi abin da ke ciki, don tsohon sifirin kan ɓoye tsaga daga wahalar da ya sha a hanya. Dukan kuwa iri ɗaya ne da namu: uwar maƙera, masaba, awartaki. Ya fara fitar da tsini, sannan ya bi baki yana sirantawa, ƙarfen na ƙoƙarin gantsarewa yana mayar da shi. Inda muka rabu shi ne bayan duka. Yakan gasa ya bar ta ta huce a iska har sau uku, don ƙarfen ya saki jikinsa. Sannan ya sake gasawa yana taɓa ta da maganaɗisu. In ya daina kamawa, zafi ya kai wajen digiri 770 na ma'aunin Celsius ke nan, sai ya ƙara kaɗan ya tsoma ta cikin mai mai ɗumi. Ya goga magagari a baki, ya zame bai ci ba. A wannan hali tauri ya yi yawa, faɗuwa ɗaya za ta iya fashewa, don haka sai ta shiga tanderu a wajen digiri 200, awa biyu, sau biyu. Ƙarshe ya nutsa kaifin a ruwa ya bi gadon bayan da wuta har ya yi shuɗi. Baki da tauri, baya da laushi, shi ya sa ta lanƙwashe ba ta karye ba.

Sai kayan mariƙi, inda ya ce nan ne rabin kwanakin aikin ke tafiya. Ƙarfen da ke tare hannu kada ya zame kan kaifi, na tsaya na ga yadda yake fasa masa rami. Ya huda ƙananan ramuka a jere, ya ɗauki magagari siriri ya dinga ci kaɗan-kaɗan, ya gwada a wutsiyar wuƙar, wato ɓangaren da ke shigewa cikin mariƙi, ya cire, ya sake ci. Da ya kusa, sai ya buga shi da guduma ya zauna daram, ya ɗaga saitin fitila yana neman ko haske zai ratsa. Na ce wa zai lura da wannan? Ya ce ruwa zai lura, ya shiga ya ci wutsiyar da tsatsa, bayan shekaru wuƙa ta rabu da mariƙinta a hannun mai ita. Bayan wannan ga zoben tagulla, ga itace mai tauri da aka huda daidai wutsiyar, ga ƙusa ɗaya da ta ratsa duka, ga murfin gindi da ake murɗawa ya matse komai.

Nan na tuna namu. Kaifi kam akwai, amma wata nawa mariƙi ke yi kafin ya fara girgiɗi mu naɗe shi da roba ko waya? Kuma ban ga laifin maƙeri ba. Mutumin da ke gane zafin ƙarfe da ido kawai, da gawayi da zuga-zugi, ba hannu ya rasa ba. Mu ne muke tsaya masa a ka muna cewa yau muke so, mu taya aikin kwana uku kamar muna sayen tsinke, in ya ƙi mu ce ya cika tsada mu wuce wajen na kamfani. Wa zai zauna yana neman haske a ramin ƙarfe a kan wannan ciniki? Araha ba ta ado. Ba ya buga sunansa, mu ma ba ma tambaya, don haka na ƙwarai da na banza kuɗinsu ɗaya.

Kada ku ɗauka komai na nan daɗi ne. Kafin in taka cikin maƙerar sai da aka yi waya aka sa rana, na sa hannu a takardar cewa in na ƙone ruwana, aka ɗora mini tabarau. Babu benci, babu masu zaman hira, babu yaro mai zuga, gas ne ke huci shi kaɗai. Na yi kewar maƙerar da za ka ratsa ka zauna ba wanda ya tambaye ka dalili. Ƙaramin gyara kuwa kada ma ka fara nema. Wuƙa ta dushe, yawanci jefarwa suke yi su sayi wata, mai wasawa sai ka bincika a intanet, wani ma ta gidan waya za ka aika masa. Abin haushin, da yawa daga waɗannan wuƙaƙe da aka sha wa wahala ba za su taɓa yanka ko zare ba. Masu tarawa ke saye a babban bajekolin da ake yi a Atlanta duk watan Yuni, su kulle a akwatin gilashi. Ga doka, kowace jiha da tata. Texas da ke alfahari da Bowie, sai a 2017 ta halatta yawo da wuƙar da ruwanta ya wuce inci 5 da rabi, kuma har yanzu akwai wuraren da ba a shiga da ita, irin makarantu.

Na dai rubuta sunana a littafin, ba ragi. Wuri ɗaya na ƙi sakar masa, wato kube. Nasa fata ce mai kauri, ɗinki a miƙe, ba laifi, amma ba ta kama ƙafar aikin dukawanmu ba, na kuma faɗa masa haka. Ya yi dariya ya ce in an gama zai zana mini siffar ruwan a kwali, da kaurinsa da faɗin abin tare hannun, in aika gida. Don haka wanda ya san baduku mai hannu, wanda zai yarda ya yi aiki da awo ba da ƙiyasi ba, ya yi mini magana. Ku gaya masa ba sauri nake ba, kuma ba zan taya ba.