Canza sifirin ko sayen sabon shokazoba: ga wanda zan ce ka yi

Malam, ka tambaya wanne za ka yi wa bayan mashin ɗinka. Tunda Boxer ce kuma kai kaɗai kake hawa zuwa wajen aiki, bayanka ne ke ciwo, to tsakanin canza sifirin mai laushi da sayen sabon shokazoba gaba ɗaya ni dai kai tsaye zan ce maka ka canza sifirin. Duka biyun na yi su a kan mashin ɗaya, ɗaya har yau ina jin daɗinsa, ɗayan kuma kuɗina ne kawai ya tafi.

Amma akwai sharaɗi, kuma in ka tsallake shi duk abin da zan faɗa a ƙasa ba zai maka amfani ba. Shokazoban baya abu biyu ne a haɗe, sifirin ɗin da kake gani a waje shi ke ɗaukar nauyi, sai wannan bututun na tsakiya mai mai a ciki, shi kuma aikinsa ya hana mashin ya yi ta lilo da kai bayan ka fito daga rami. In bututun nan ya mutu ko sifirin ɗin zinare ka sa ba abin da zai canza, sai ma ya ƙara lalacewa. Don haka ka fara dubawa, ka tsuguna ka kalli sandar ƙarfen nan mai sheƙi da ke shiga tana fita, in ka ga danshin mai ƙura ta manne a jiki ta yi baƙi to yana yoyo. Sannan ka danna kariya, wato ƙarfen ɗora kaya na baya, da ƙarfi da hannu biyu ka saki, lafiyayye zai taso sau ɗaya ya tsaya cak, matacce kuwa zai yi sama ya yi ƙasa sau biyu sau uku kafin ya natsu. In naka ya tsaya cak, ci gaba da karantawa.

Ni hanyata burji ce, daga Malumfashi nake shiga ƙauye kullum ina koyarwa, ka san irin gargadar nan da ruwa ke bari bayan damina, ba ramuka manya ba, ƙanana-ƙanana ne a jere kamar an yi kunya-kunyar gona a kan hanya. Nauyina bai wuce kilo 58 ba. Ita kuwa Boxer ai ba don irina aka ƙera bayanta ba, an yi ta ne don ɗan acaɓa ya ɗauki mutum da buhunsa, shi ya sa ma Bajaj suka sa mata abin da suke kira SNS, wato sifirin a cikin sifirin, ƙaramin na ciki yana taimaka wa babban idan nauyi ya hau. To mutum ɗaya siriri in ya zauna ko motsi bayan ba ya yi, kowane dutse kai tsaye yake shigowa ƙugunka. Na kai matsayin da in na dawo gida ruku'u ma da ƙyar nake yi a sallar magariba, kuma ban taɓa kawo wa raina mashin ne ba, ina ta shan maganin ciwon jiki.

Wani dattijon bakanike ne ya gane, Allah ya saka masa da alheri. Bai ce in sayi komai ba da farko. Cewa ya yi in ɗaga bayan mashin ɗin ya sake gaba ɗaya, ya ɗauko tef ya auna daga notin tayar baya zuwa wani wuri da ya yi wa alama da alli a jikin kariya, sannan ya ce in sauke in hau in zauna yadda nake zama kullum, ya sake aunawa. Bambancin bai kai santimita ɗaya da rabi ba. Ya ce ɗana ka ga matsalarka nan, ya kamata in ka zauna mashin ya nitse kamar kashi ɗaya cikin uku na duk tafiyar da yake iya yi, misali in tafiyar santimita 9 ce ya sauka kamar 3, don taya ta samu damar bin rami ƙasa ta kuma samu damar tasowa in ta hau dutse. Naka a ƙame yake a sama.

Ya fara da abin da ba a biya, kai ma ka fara da shi. A gindin sifirin akwai wani zobe mai matakala, mafi yawansu mataki 5 ne, ka duba naka, ya juya shi zuwa mataki na ƙasa duka gefe biyun, ya kuma sace iskar tayar baya kaɗan don mai faci ya cika ta tam kamar dutse (wannan ɗabi'ar ta masu faci tana kashe bayan mutane da yawa, iskar mai ɗaukar kaya suke ba kowa, ka duba takardar da ke manne a jikin mashin ka bi adadin da aka rubuta na mutum ɗaya). An samu sauƙi amma ba sosai ba, domin zoben nan ba ya rage taurin sifirin, kawai matsin da aka yi masa tun farko yake ragewa. Taurin yana cikin ƙarfen kansa.

Sai muka je wajen masu kayan gwanjo, ya tono shokazoba guda biyu na wani ƙaramin mashin da man cikinsu ya tsiyaye tuni, ba mai so, aka ba mu da araha, mu kuwa sifirin ɗin kawai muke buƙata. Na tsaya ina kallonsa ya jera tsohon da wanda muka samo a kan benci, tsawo ɗaya, faɗin baki ɗaya, ya sa ƙaramin ma'aunin ƙarfe mai baki biyu ya kama kaurin wayar, nawa wajen milimita 7, wancan 6 da rabi. Na ce Baba wannan ɗan bambancin ai ba komai ba ne. Ya ce hau ka ji. Daga baya na bi lissafin na ga gaskiyarsa, taurin sifirin yana bin kaurin waya ne in ka jera lambar kaurin sau huɗu ka ninka su da juna, wato daga 7 zuwa 6.5 ka rage wajen kashi ɗaya cikin huɗu na tauri in dai faɗi da yawan zagayen ba su canza ba, in kuwa ka sauka har 6 ka kusa raba shi biyu, wanda ya yi yawa, mashin zai riƙa dukan ƙasa. Yawan zagaye ma yana da tasiri, mai zagaye da yawa ya fi laushi. In ka samu wanda zagayensa suka matsu a gefe ɗaya suka buɗe a ɗaya gefen ka riƙe shi da kyau, shi ne mai laushi a farko ya yi tauri in an danne shi sosai.

Ya canza babban sifirin na waje kawai, ya bar ƙaramin na ciki yadda yake, ya tabbatar ba sa gogar juna. Da na sake zama aka auna sai ga shi ya sauka kusan santimita 3. Wallahi Malam ranar da na bi hanyar nan sai da na tsaya a tsakiya na sauka na duba ko tayar ce ta sace, saboda na saba da duka har na ɗauka haka hanya take. Sati biyu bayan haka na ɗauki Innata zuwa asibiti, ita da kullum sai ta riƙe kafaɗata tana cewa a hankali a hankali, muna isa ta sauka ta dafa sit ɗin ta ce sabon babur ka saya ne ba ka faɗa min ba? Wannan maganar tata ta fi min komai. Shekara ta biyu kenan yana kai.

Shi kuma sabon shokazoba, eh, yana da ranarsa, in bututun naka ya yi yoyo ko sandar ta lanƙwashe ba ka da zaɓi sai shi, don irin na mashinanmu a like suke zuwa ba a yi su don a buɗe a gyara ba. Amma ka sani in ka sayi orijina na Boxer taurin nan dai shi za ka sake saya, an sayar da kare an sayi biri. Ni kafin in haɗu da dattijon nan na sayi irin masu jan fenti da 'yar kwalba a gefe, wata uku ya fara yoyo. Ba zan ƙara cewa komai a kansa ba.

To ba ka tambaya ba amma dole in faɗa maka, kasuwar nan akwai marasa tsoron Allah. 'Yar kwalbar nan da ake ce maka gas ce a ciki, a wasu na jabun ado ce kawai, ba ta haɗe da komai ba, kyan ɗan maciji. Wasu tsohon shokazoba suke wankewa da fetur su fesa fenti su sa a kwali, ka duba robar da ke cikin idon sama da ƙasa, wato ramukan da ake ɗaure shi a jikin mashin, in ta tsattsage ko fenti ya hau kanta to tsoho ne. Ka ce a cire maka sifirin ka ja sandar da hannunka, mai rai zai yi maka gardama tun daga farko har ƙarshe musamman wajen jawowa, in ya zo suluf ko ka ji wani wuri wayam ka ajiye masa kayansa. Wanda ya ƙi yarda a gwada ka bar shagon. Kuma kar ka karɓi ɗaya daga nan ɗaya daga can, biyun su zama iri ɗaya, ka tafi da naka ka auna daga ido zuwa ido don in ya fi tsawo ko gajarta zai canza zaman mashin da jan sarƙa.

Abu biyu kuma kar ka bari wani yaron gareji ya yi maka. Na farko yanke sifirin, wai a rage zagaye ɗaya ya yi laushi, ƙarya ne, yankewa ƙara masa tauri yake yi ya kuma gajarta. Na biyu kai shi wajen mai walda a gasa shi da wuta, zai yi laushi kam amma ƙarfen ya mutu, zai zauna ya ƙi tasowa ko ya karye maka kana cikin gudu. Sannan wajen cirewa kar ka tsaya da fuskarka a saitinsa, abin nan a matse yake, in ya kuɓuce daga hannun mai dannawa da sukundireba zai iya cire wa mutum haƙori ko ido, a sa abin matsewa ko a ɗaure shi da igiya mai ƙarfi gefe biyu.

Inda sifirin mai laushi zai ba ka haushi shi ne kaya. Ranar da na ɗora buhun masara a mataki na ƙasa na ji taya tana taɓa madigadi a kowane rami, fitila kuma ta ɗaga sama tana haska rassan bishiya. Yanzu in zan ɗauki mai nauyi ko buhu sai in mayar da zoben mataki na 4, minti biyu ne, in na sauke in dawo da shi. Da a ce acaɓa kake yi ko kullum da iyali kake fita da na ce ka bar na kamfani yadda yake ka gyara iska kawai. Amma kai kaɗai, jakarka a baya, je ka sa a auna maka zaman nan da tef gobe da safe, in bai kai kashi ɗaya cikin uku ba a mataki na ƙasa ka nemi wanda wayarsa ta gaza taka da rabin milimita, kuma ka ajiye tsofaffin a gida kar ka bar wa gareji.