Masu gyaran risiba, a yi hattara da jabun kebul na USB zuwa siriyal

Salamu alaikum 'yan uwa abokan sana'a. Makon jiya wani mai tallar kaya a WhatsApp ya sayar min da kebul biyar na USB zuwa siriyal (RS-232), mai bakin DB9 ɗin nan mai ƙafa tara da muke ɗora wa risibar tauraron ɗan adam manhaja da shi. Ya rantse cewa cip ɗin da ke ciki na kamfanin FTDI ne na asali, haka ma aka rubuta a jikin ledar. Na tura kuɗi kafin kaya su iso.

Ina sa ɗaya a kwamfuta sai ga alamar ruwan ɗorawa a Device Manager na Windows, da Code 10, wato na'urar ta kasa tashi. Na duba Hardware Ids, na ga VID_067B, wato lambar kamfanin da ya ƙera cip ɗin. Wannan lambar wani kamfani ce mai suna Prolific, ta FTDI kuwa 0403 ce. Prolific ɗin ma kwaikwayo ne na tsohon cip ɗin PL2303HXA da kamfanin ya daina yi tun 2012, shi ya sa sabon direba, wato manhajar da kwamfuta ke gane kebul ɗin da ita, ke ƙin karɓarsa. Da na kira mutumin sai ya ce, "Oga, tsohon direba za ka sa." Na sa, kwamfuta ta gane shi, ya nuna COM3 lafiya lau. Ana tsakiyar ɗora manhaja, layin da ke tafiya a allo ya tsaya cak, risibar wani dattijo ta maƙale, ba ta ƙara tashi ba. Har yanzu ina jin nauyin haɗa ido da shi. Lambar mai kayan kuma a kashe take tun ranar.

Wannan cuta ta daɗe. A 2014 jabun FT232R, wani cip na FTDI, ya yi yawan da har FTDI ta fitar da direban da ke mayar da lambar samfurinsu (PID) 0000, su daina aiki. Wato jabu na iya nuna 0403 shi ma, don haka lamba kaɗai ba ta isa ba. Ga gwajin da za ka yi: ka haɗa ƙafa ta 2 da ta 3 ta DB9, ka buɗe PuTTY, manhajar aika rubutu ta kebul ɗin, ka rubuta wani abu: in haruffan ba su dawo daidai ba, ka ajiye wa mai kaya kayansa.

Ni dai wallahi gara a ce min cip ɗin CH340 ne mai araha, in saya da sanina, yana aiki. Kada ku biya sai kun gwada a gaban mai kaya. Sauran huɗun suna shagona, duk mai son ya ga kamanninsu ya zo ya duba.