Kafin ka kashe kuɗi don ɗaukar hoton teku da almuru

Da zarar rana ta faɗa cikin teku, hasken da ya rage ba ya jiran kowa. A ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya bai fi minti 25 ba kafin duhu ya fara cinye shuɗin nan mai ɗaukar ido. Haske kaɗan ne, dole kyamara ta bar idonta a buɗe na daƙiƙoƙi, kuma hannun mutum ba ya tsayawa cak.

Shi ya sa nake cewa ka fara da abin ɗora kyamara mai ƙafa uku. Iri biyu ne suka fi yawa a kasuwa. Na alminiyam ya fi araha, nauyinsa ma yana taimakawa idan iska ta taso, sai dai ruwan gishiri yana cin sa, mahaɗansa su ƙage idan ba ka ɗauraye shi da ruwan daɗi ba. Na zaren kabon ya fi tsada, ba nauyi, ya fi shanye girgiza, gishiri kuma bai cika damun ƙafafunsa ba, ko da yake kusoshinsa na buƙatar wanki su ma. Idan bakin teku ne wurin aikinka kullum, ni kam na kabon zan ɗauka. Wanda iska ke kaɗa shi kuwa, ko kyauta ne bar shi.

Sai kyamara. Mai babbar sensa, wato farantin da ke karɓar haske a cikinta, mai girman milimita 36 da 24, ta fi riƙe bambancin sama mai haske da duwatsu masu duhu. Amma a kan ƙafa uku, da ISO 100 (ISO shi ne ma'aunin yadda kyamara ke jin haske), ƙaramar sensa ta APS-C ba za ta ba ka kunya ba. Waya ma tana ƙoƙari, in dai tana ajiye hoto a RAW, wato ɗanyen hoton da ba a sarrafa ba, kuma tana bari ka saita tsawon ɗauka da kanka.

Baƙin gilashin rage haske, wato ND, ka yi hattara da shi. Kowane mataki nasa yana rage rabin haske, don haka mai mataki 10 yana mayar da ɗaukar kashi ɗaya cikin 60 na daƙiƙa zuwa kusan daƙiƙa 17, raƙuman ruwa su koma tamkar hazo. Amfaninsa kafin faɗuwar rana ne. Da almuru kuwa duhunsa ya yi yawa, zai wuce da kai daƙiƙa 30 da yawancin kyamarori ke tsayawa a kai. Mai mataki 3 ya wadatar. Ka haɗa da tsumma mai laushi, don feshin gishiri yana sauka a kan gilashi ba ka sani ba.