Hidimar rakiya a tseren Comrades: abin da muka biya da abin da muka samu

A ranar Lahadi 11 ga Yuni, 2023, na raka ƙanena tseren Comrades a Afirka ta Kudu, wanda akan sauya masa alƙibla, wata shekara hawa wata shekara gangara, kuma a waccan shekarar aka taso daga Pietermaritzburg aka gangaro Durban, tafiyar kilomita 87.7 a ƙafa, kuma dole a kammala ta cikin awa 12. Ni ba mai gudu ba ne, aikina riƙe jaka da addu'a. Da yake ba mu san kowa a lardin KwaZulu-Natal ba, mun ɗauki hidimar wani ƙaramin kamfani a Durban da ke kula da baƙin da suka zo tseren daga wasu ƙasashe. Ba zan ambaci sunansa ba, saboda ina da yabo kuma ina da ƙorafi, sannan irin waɗannan kamfanoni suna da yawa a garin, tsarinsu kusan ɗaya ne.

Abin da suka yi mana alkawari shi ne jadawalin atisaye na wata shida ta WhatsApp, da zagayen duba hanya a mota kwana biyu kafin tsere, da kai mai gudu wurin tashi, da motar da za ta ɗauki 'yan rakiya da jakunkunan masu gudu ta tsaya a wurare uku a kan hanya: Cato Ridge, Hillcrest da Pinetown. Kuɗin ba kaɗan ba ne ga mai karɓar albashi da naira, don haka ya dace a auna kowane ɓangare da kansa.

Jadawalin atisayen ya zo a tsare, amma an rubuta shi ne don mutanen da watan Maris da Afrilu ke zame musu farkon sanyi. Ƙanena a Kaduna yake zaune, inda waɗannan watanni su ne tsakiyar bazara, kuma a shekarar azumi ya kama daga 23 ga Maris zuwa 20 ga Afrilu, daidai makonnin da jadawalin ya ɗora masa gudu mafi tsawo. Kocin kamfanin bai san da wannan ba sai da aka gaya masa, amma da ya ji bai yi gardama ba: ya rage gudun rana, ya mayar da dogon gudu bayan sallar tarawihi, ya kuma ɗage gudun kilomita 55 zuwa bayan ƙaramar salla. Abin da ya fi amfani a duk shawararsa shi ne nacin da ya yi cewa a nemi gangara. Mu a tunaninmu hawan tudu ne abin tsoro, shi kuwa ya ce a shekarar gangarowa Durban cinya ce ke fara mutuwa, domin tsokar gaban cinya ita ce birkin jiki, kuma birkin da bai saba aiki ba yakan ƙone tun kafin a isa. Wannan ya sa ƙanena ya riƙa zuwa Jos a ƙarshen mako yana saukowa daga tuddai. Gudun cancantar shiga tseren kuwa, wanda a lokacin sai an yi kilomita 42.2 a ƙasa da awa 4 da minti 50, ya yi shi ne a gudun famfalaki na Legas a watan Fabrairu, kamfanin ya taimaka wajen tura shaidar.

Zagayen duba hanya shi ne ɓangaren da na fi jin daɗinsa, kuma matar da ta jagorance mu ita ce dalili. Bazuluwa ce, ta haura shekara hamsin, tana da koriyar lamba, wato lambar da ake mallaka wa mutum har abada idan ya kammala tseren sau goma. Ta tsayar da motar a kan manyan tuddai biyar, Polly Shortts, Inchanga, Botha's Hill, Fields Hill da Cowies Hill, ta sa masu gudu suka sauka suka taka kwalta da ƙafarsu. Ta nuna mana makarantar Ethembeni kusa da Inchanga, inda yara masu buƙata ta musamman ke jeruwa suna miƙa hannu ga masu wucewa, ta kuma kai mu katangar tunawa da ke kusa da Drummond, tsakiyar hanya. A nan ta ba da tarihin a gajarce: Vic Clapham, tsohon sojan yaƙin duniya na ɗaya, shi ya kafa tseren a 1921 don tunawa da abokansa da suka rasu, mutum 34 suka tashi, 16 suka isa, sai a 1975 aka buɗe shi a hukumance ga mata da baƙar fata, duk da cewa Robert Mtshali ya gudu tun 1935 ba tare da an lissafa shi ba, kuma yau akwai lambar yabo da sunansa ga wanda ya gama tsakanin awa 9 da 10. Ta faɗi wannan na ƙarshe ba tare da ɗaga murya ba, ta wuce zuwa maganar safa.

Gargaɗinta ɗaya ne na riƙe: allunan hanya ba sa nuna abin da ka ci, abin da ya rage suke nunawa, kuma wanda ya isa Drummond yana jin ƙarfi har yana ƙara sauri, a Fields Hill zai biya bashin.

Ranar tsere motar masu gudu ta bar masauki cikin dare, ta isa Pietermaritzburg a kan lokaci, cikin sanyin da ya fi na hunturun Kaduna. Kamfanin ya raba musu tsofaffin riguna da za su jefar idan jiki ya ɗumama, ƙaramin tunani ne amma mai kyau. Da ƙarfe 5:30 aka sa carar zakara a lasifika kamar yadda aka saba, aka harba bindiga. Mu 'yan rakiya muka bi babbar hanyar N3, wadda ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da tsohuwar hanyar da masu gudu ke bi.

A nan ya kamata mai karatu ya san ƙa'idar tseren, domin ita ce ke sa irin wannan hidima ta zama da daraja ko ta zama asara. Ba a yarda ɗan rakiya ya bi mai gudu da mota ko keke ba, kuma ba a yarda ya yi gudu tare da shi ba. Sai dai ya tsaya a gefen hanya ya miƙa abin da zai miƙa. Saboda haka dukan aikin ya ta'allaƙa ne ga isa wurin kafin mutuminka ya iso, a ranar da dubban motoci ke neman mafita ɗaya daga babbar hanya. Batun ci da sha kuwa, gaskiya masu shirya tseren ba su bar wa kowa abin yi ba. Kusan kowane kilomita biyu akwai teburi da ruwan leda irin namu na fiya wata, da lemon kwalba, a wasu wuraren da ayaba da lemon zaƙi da dafaffen dankali mai gishiri, ga mutanen unguwanni da ke fitowa da nasu. Wanda ya biya kamfani don a ba shi abinci ya sayi abin da ake rabawa kyauta.

A Cato Ridge komai ya tafi daidai. Ƙanena ya iso cikin ayarin masu neman gamawa ƙasa da awa 11, irin ayarin da suke kira bas, mai jagora ɗauke da tuta yana faɗa musu inda za a yi tafiya da inda za a yi gudu. Ya miƙo mini rigar sanyi, ya karɓi dabino uku, ya wuce yana murmushi.

Daga nan ne tsarin kamfanin ya nuna rauninsa. Motarmu ɗaya ce, tana ɗauke da iyalan masu gudu shida da jakunkunansu duka, alhali saurin mutanen ba ɗaya ba ne. Sai da muka jira na ƙarshe ya wuce Cato Ridge, fiye da minti 50 bayan ƙanena, sannan muka tashi, muka faɗa cunkoso a mashigar Hillcrest. Ina kallon manhajar bibiya a waya, ɗigon ƙanena ya matso, ya zo daidai wurin, ya wuce, mu kuma muna cikin mota tsakanin wata tirela da shingen 'yan sanda. A jakar da ke kan cinyata akwai busasshiyar safa da basilin da ya tsara zai yi amfani da su a wurin. Daga baya ya gaya mini ya tsaya kusan minti biyar yana waige-waige yana neman tutar kamfanin, ayarinsa ya tafi ya bar shi. Ba laifin direba ba ne, laifin wanda ya haɗa jaka da fasinja a mota ɗaya ne. Da an ajiye mutum ɗaya da jakunkuna a kowane wuri tun da asuba, da lattin motar bai shafi mai gudu ba, kuma wannan ba abu ne da ke buƙatar kuɗi mai yawa ba.

A Pinetown muka same shi, ya sauko daga Fields Hill yana taka ƙasa kamar mai tafiya a kan garwashi, gishirin gumi ya bushe fari a gefen fuskarsa. Ya ce, "Yaya, cinyoyina sun ƙi, ina ganin a nan zan tsaya." Ni da na ga idonsa, har na fara neman inda motar kwasar waɗanda suka gaza take. Matar nan da ta jagoranci zagayen hanya tana wurin, ba ta ko dube ni ba. Ta zaunar da shi a kan akwatin ƙanƙara, ta cire masa takalmin dama, ta ga bororo ya fashe a ƙarƙashin babban yatsa, ta goge, ta manna filasta, ta shafa basilin, ta zura masa sabuwar safa, duk a cikin abin da bai kai minti uku ba. Ta danƙa masa dankali biyu a hannu, ta duba agogonta, ta gaya masa adadin mintunan da yake da su a kowane kilomita idan ya taka Cowies Hill da tafiya ya yi sassarfa a sauran. Ba ta ce masa jarumi ne ba, ba ta kuma tausaya masa ba. Lissafi kawai ta ba shi, ta ɗaga shi tsaye ta juya shi ya fuskanci Durban. A ganina waɗannan mintuna uku su ne abin da muka saya da kuɗinmu, domin ɗan'uwa, saboda tausayi, shi ne mutum na ƙarshe da ya kamata a tambaya ko mai gudu ya ci gaba.

Ya shiga filin Kingsmead, inda tseren ya ƙare, bayan awa 11 ta wuce, ya sami lambar yabo ta Vic Clapham, ta masu gamawa tsakanin awa 11 da 12, maimakon ta tagulla da ya nufa, ta masu gamawa kafin awa 11. Tun kafin azahar Tete Dijana, zakaran maza, ya riga ya gama cikin awa 5 da minti 13 da daƙiƙa 58, Gerda Steyn, wadda ta zo ta ɗaya a mata, kuma cikin awa 5 da minti 44 da daƙiƙa 54, kowannensu ya kafa sabon tarihin gangarowa. Mun tsaya har ƙarfe 5:30 na yamma, muka ga jami'in da ke juya wa masu tahowa baya ya harba bindigar rufewa, mutane na faɗuwa taku kaɗan daga layin. Kamfanin ya tanadi bargo da shayi mai zafi, ya kuma amsa roƙonmu na abincin halal ba tare da wahala ba, abin da ba ya wuya a Durban mai yawan Musulmi.

Da muka kai ƙorafin Hillcrest washegari, sun amsa kuskuren, suka mayar mana da wani kaso na kuɗin motar. Ga wanda zai je karon farko ba tare da sanin kowa ba, ina ganin hidimar ta cancanci kuɗinta saboda zagayen hanya da gogewar mutanen da ke tsaye a wuraren miƙa kaya. Sai dai kafin ya biya, ya tambaya a rubuce ko jakunkuna suna tafiya dabam da motar 'yan rakiya, da kuma masu gudu nawa mota ɗaya ke bi, sannan mai gudun ya soke filasta da ƙaramin ƙullin basilin a aljihun wandonsa ko da an yi masa alkawarin samunsu a hanya. Ƙanena ya riga ya ce zai koma a shekarar hawa, daga Durban zuwa Pietermaritzburg, kuma ya nemi a tabbatar masa matar nan ce za ta tsaya a wuri na ƙarshe, kafin Polly Shortts.