Mai tuwo ko babban gidan abinci: ina ya fi aminci ga mai cutar siliyak?

Hajiya, sannu da jinya, Allah ya ba yarinya lafiya. Kin ce likita ya tabbatar tana da cutar siliyak, ya hana ta duk abin da ke da gulutin, kina tambaya idan yunwa ta kama ku a waje, wajen mai tuwo za ku nufa ko manyan gidajen abincin nan. Ƙanina yana da wannan lalura, mun daɗe muna fama, ga abin da na gani.

Gulutin wani furotin ne da ke cikin alkama da sha'ir da wani hatsin ƙasashen sanyi da ake kira rai. Ɗan kaɗan ya isa ya raunata ƙaramin hanjin mai siliyak, har ya kasa tsotsar amfanin abinci. Ma'aunin Codex, hukumar da ke tsara ƙa'idojin abinci ta duniya, shi ne kafin a ce abinci ba shi da gulutin, kada ya wuce miligiram 20 a kilo ɗaya na abincin. Kin ga ke nan burbushin burodi a bakin cokali ba abin rainawa ba ne.

Mai tuwo ta fara da rinjaye tun daga hatsi. Shinkafa, masara, dawa, gero, acca, doya, duk babu gulutin a cikinsu, haka kuka da kuɓewa da daddawa. Ga tukwanenta a gabanki, wadda ta dafa ita ce za ta zuba miki. Amma ki sa ido idan tana sayar da semo, domin semo alkama ce tsantsa. Na taɓa tsayawa ina kallo, mai tuwo ta kwashe semo da mara, ta tsoma ta a kwanon ruwa, ta kai ta cikin tuwon shinkafa. Ba da mugunta ta yi ba, ba ta sani ba ne, kuma da na yi mata bayani sai ta wanke wata marar ta ajiye mana daban. Ki tambayi inda ake niƙa mata gari, don injin da ya gama niƙa alkama zai bar saura a garin dawa. Ɗanwake sau da yawa da fulawa ake kwaɓa shi, wasu masu waina ma suna ɗan barbaɗawa a ƙullu. Ƙosai wake ne, amma idan a man da aka soya fanke aka jefa shi, ya ɓaci. Sai dunƙulen ɗanɗano: wasu akwai alkama a ciki, ki roƙi takardar ki karanta.

Babban gidan abinci ya fi ta tsabtar ido, sai dai kicin ɗinsa a rufe yake, fulawa kuwa ko'ina. Kaza a turbuɗe ta a garin burodi, a soya dankali a man nan. Soyayyar shinkafa a zuba mata soya sos, ruwan ɗanɗano na waken soya, wanda yawancinsa har da alkama ake yi. Miya a kaurara ta da fulawa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mai kawo abinci ya ce "ba matsala" alhali bai leƙa kicin ba. A Ingila tun Disamba 2014 doka ta wajabta wa gidajen abinci bayyana abubuwa 14 masu tayar da lalura, ciki har da hatsin da ke da gulutin, ƙungiyar masu siliyak ta can, Coeliac UK, kuma tana tantance wasu gidajen ta ba su shaida. A nan kuwa bakinki ne zai yi miki aiki. Inda babban gida ya ɗara mai tuwo shi ne idan kin yi waya tun da wuri, kuku ya fito da kansa, ya yarda ya gasa kifi ko nama a kasko mai tsabta, ya haɗa da farar shinkafa.

Ni dai mai tuwo nake zaɓa, wadda ba ta tuƙa semo, kuma guda ɗaya da za ku saba har ta san yarinyar. Duk inda kika je kada ki ce "gulutin", ba za a gane ba. Ki lissafa: alkama, fulawa, semo, taliya, burodi, gurasa, alkubus, funkaso. Lemon malt ma ki kiyaye, da sha'ir ake yin sa. Wajen mai tsire kuma ki duba ko a katako ɗaya yake yanka nama da gurasa, in haka ne ki ce ya wanke wuƙar ya yanka miki a kan sabuwar takarda.