Matashi mai ciwon sukari: wane awo ya cancanci kuɗinku don kare zuciyarsa?

Iyaye da yawa a nan Tahoua, da zarar sun ji an ce ciwon sukari yana taɓa zuciya, sai hankalinsu ya tafi kan kai yaro Yamai a yi masa hoton zuciya. Tafiyar da ta haura kilomita 500, kuɗin mota zuwa da dawowa, masauki, ga kuɗin hoton kansa. Akasari a dawo da takarda mai cewa lafiya lau. Sai dai zuciyar ɗan shekara 15 kusan kullum lafiya lau take fitowa a hoto, ko da ɓarna ta soma, domin a jijiyoyin jini take farawa, a hankali, shekaru masu yawa kafin ta kai ga zuciyar. Alamunta na farko a damtse, a jini da kuma fitsari ake ganinsu.

Kuma abin ba na wasa ba ne. Wani bincike na ƙasar Suwidin da aka wallafa a 2018 ya bi mutum sama da 27,000 masu nau'in farko na ciwon, wato wanda ba ya yi sai da allurar insulin. Waɗanda ya kama tun ba su wuce shekara 10 ba, rayuwarsu ta gajarta da kimanin shekara 16 idan aka gwada da tsararsu. To, in kuɗin hannu ba su da yawa, ina ya kamata su fara zuwa?

Bayan insulin, ba abin da ya kai bandelet na awon sukari, wato ƴan tsinkayen da ake ɗiga wa jini a sa a na'urar awo. A Amurka da Kanada an yi wani babban gwaji daga 1983 zuwa 1993 kan mutum 1,441, cikinsu har da ƴan shekara 13. Da aka ci gaba da bibiyarsu, a 2005 aka ga waɗanda aka tsananta kula da sukarinsu tun farko sun samu ragin kashi 42 cikin ɗari na matsalolin zuciya da jijiyoyi. Wajen saye, kada arhar na'urar ta ruɗe ku. Na'ura sau ɗaya ake saye, bandelet kuwa kowane wata. Kafin ku biya, ku tambayi farmasi biyu ko uku a cikin gari ko suna ajiye bandelet ɗin wannan samfurin koyaushe. Na'urar Accu-Chek ko OneTouch da aka kawo tsaraba daga waje, in ba a samun bandelet ɗinta a nan, ta zama kayan ado. Ku duba ma'aunin da take nunawa: likitocinmu da giram a lita suke magana, amma wata na'urar 126 za ta rubuta, wata 7, alhali duk giram 1.26 a lita ne. Galibin kwalayen bandelet an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 30, ga shi a watan Afrilu da Mayu muna haura 40. Wanda ya yini a teburin mai talla cikin rana, ko kyauta aka ba ku, ku bar masa.

Sai awon hawan jini, inda aka fi yin asarar kuɗi. Na'ura iri uku za ku tarar. Ta wuyan hannu ƙarama ce, samari suna sonta, amma da hannu ya ɗan sauka ko ya hau daga saitin ƙirji lissafi ya canza. Ta famfo mai agogo da abin saurare a kunne tana da kyau a hannun ma'aikacin lafiya, ba a hannun wanda bai koya ba. Ta gida ita ce mai batir da ake ɗaurawa a damtse, irin su Omron da Microlife. Amma sunan kamfani bai kai girman ɗamarar muhimmanci ba. Ku ɗauki abin awon tela ku zagaya tsakiyar damtsen yaron kafin ku fita. Ɗamarar da ke zuwa cikin kwali yawanci daga santimita 22 take farawa, yaranmu masu nau'in farko kuwa da yawa sirara ne, ba su kai nan ba. Ɗamara mai faɗi a siririn hannu ƙasa da gaskiya take nunawa, sai a yi ta murna alhali jini ya hau. Ku nemi ƙaramar, ta 17 zuwa 22, ku tabbatar bututunta ya shiga na'urar.

Daga shekara 13, in awo ya kai 130 bisa 80, abin da muke cewa 13/8, a ranaku uku daban-daban, magana ta koma wurin likita. Ƙasa da wannan shekarun da jadawalin tsawo da shekaru ake dubawa. A auna bayan ya zauna minti biyar, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, ba lokacin da ya shigo daga ƙwallo ko ya taso daga shayin fada ba. A ganina, in ana auna shi da ɗamarar da ta dace duk zuwa asibiti kuma awon yana fitowa daidai, sayen na'urar zai iya jira.

Agogon hannu da zoben da ake tallatawa a Facebook wai suna auna sukari ba tare da huda yatsa ba, hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansu a Fabrairun 2024, ta ce ba ta amince da ko ɗaya ba. Mai yin allura bisa lissafinsu yana wasa da ransa.

A labo, na farko shi ne HbA1c, mai nuna matsakaicin sukari na wata biyu zuwa uku. Ana son ya tsaya ƙasa da kashi 7, a riƙa yi duk wata uku; in ba hali, sau biyu a shekara ya fi babu. Akwai wani abu da ya shafe mu musamman. Awon a jajayen ƙwayoyin jini yake dogara, don haka mai sikila, ko wanda maleriya ta ci masa jini kwanan nan, ko wanda aka yi wa ƙarin jini, sakamakonsa na iya fitowa ƙasa da gaskiya. Ko mai ɗauke da rabin sikilar, wato AS, wasu injinan suna kuskure a kansa. Ku faɗa wa likita kafin a ɗebi jinin.

Hoton zuciya da awon bugunta da wayoyin da ake maƙala wa ƙirji suna da ranarsu: in yaro yana ciwon ƙirji, ko haki da ɗan aiki kaɗan, ko ya suma yana gudu, ko likita ya ji wani sauti da bai gamsu da shi ba. A nan kada a tsaya lissafin kuɗi.

Awon da aka fi mantawa da shi shi ne na fitsari. Ƙoda cike take da ƙananan jijiyoyi, ita ke fara tona asiri: sai ta riƙa yoyon furotin ɗan kaɗan, wanda tsinken tsomawa na yau da kullum ba ya kamawa. Ku nemi a rubuta awon albumin bisa kireyatinin. Sama da miligiram 30 a giram shi ne alama. Ana farawa daga balaga ko wajen shekara 11, in ciwon ya yi ƴan shekaru, sannan duk shekara. A kai fitsarin farko na safe. Zazzaɓi, al'ada, ko gudun da aka sha jiya duk suna ɗaga shi, shi ya sa sai awo biyu cikin uku sun nuna kafin a yanke hukunci.

Awon kolesterol, wato kitsen cikin jini, bai kai sauran cin kuɗi ba, tunda in LDL, nau'insa mai toshe jijiyoyi, ya fito ƙasa da giram 1 a lita, sai bayan shekara uku a sake. Kada a yi shi lokacin da sukari ke sama sosai, sakamakon ba zai yi ma'ana ba. Matashi mai ƙiba da aka gano masa nau'i na biyu shi ba ya jira: hawan jini, fitsari da kolesterol duk tun farkon ganowa ake yi masa.

In LDL ya zauna sama da giram 1.30 a lita bayan wata shida ana gyaran ci da motsa jiki, likita na iya rubuta maganin rage shi ga wanda ya kai shekara 10. Wannan maganin, da irin na hawan jini da ake bayarwa don kare ƙoda kamar enalapril, ba su dace da mai juna biyu ba. In yarinya ce kuma ana maganar aurenta, mahaifiya ta gaya wa likita tun kafin ya rubuta takarda.